Tsatsa, Tsami da Wanki: Nazari kan Sake Amfani da Mazuban Kunu, Zoɓo da Nono a Karkarar Arewacin Kano

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi yadda ake sake amfani da garwa, bokiti, duro, jarka da gorar roba wajen haɗawa da ajiyewa da tallar abubuwan sha masu tsami a ƙauyukan arewacin Jihar Kano. Hujjarta ita ce, matsalar waɗannan mazubai ta samo asali ne daga rashin dacewar salon wankin da aka gada daga zamanin ƙwarya da tukunyar ƙasa da irin jikin mazuban yau, don haka kiran da ake yi na "a riƙa wankewa sosai" bai isa ba, wani lokacin ma shi ke ƙara ɓarna. An kafa hujja da abin da aka sani game da lalacewar ƙarfe, da binciken masana a kudancin Afirka da Habasha da Kamaru, da kuma wani hukunci na fiƙihun Malikiyya.

Gabatarwa

Yankin da ya haɗa da Dawakin Tofa, Bichi, Ɗambatta, Minjibir, Makoɗa da Gezawa yana cikin abin da Michael Mortimore da J. Wilson suka bayyana a nazarinsu na 1965 a matsayin karkara mai cunkoson jama'a da ke kewaye da birnin Kano, inda gona ke manne da gona, ana nomawa duk shekara ba a barin ƙasa ta huta. A irin wannan wuri babu abin da ake yarwa da sauƙi. Kara makamashi ne, toka taki ce, gwangwanin tumatir ma'auni ne, jarkar da aka sayo man gyaɗa a ciki kuwa tana da sauran shekaru na aiki bayan man ya ƙare. Polly Hill, a rubutunta na 1969 kan cinikin da matan Hausawa ke yi daga cikin gida, ta nuna girman wannan ɓoyayyiyar kasuwa, Enid Schildkrout kuma ta bi sawun yaran da ke kai kayan waje a Kano cikin shekarun 1970. Har gobe a kan wannan tsari kunun zaƙi da zoɓo da kunun aya da fura da nono suke fita daga gida su isa tasha, makaranta, gona da kasuwa. Abin da ya sauya shi ne mazubi. Inda a da ƙwarya ce da tulu da gora ta duma, yanzu bokitin ƙarfe ne, da kula, da jarka mai ruwan ɗorawa mai cin lita 20 ko 25, da gorunan ruwa da na lemo da yara ke tsintowa a wuraren biki da tashoshin mota su sayar wa masu sana'a.

Yawancin abin da ake faɗa kan wannan sana'a, daga bakin duba-gari har shirye-shiryen rediyo, yana komawa kan tsafta, kamar a ce da matan sun ƙara ƙwazo wajen wanki da an huta. Wanda ya san gidan mai kunu ya san ba ƙwazo ne ya yi ƙaranci ba. Ana dirza da soson waya, a sa yashi, a sa toka, a kife a rana. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, me wannan dirza ke yi wa jikin abin da ake dirzawa.

Jikin mazubi da fatarsa

Ƙwarya da tukunyar ƙasa jikinsu ɗaya ne daga waje har ciki. In an kankare saman ƙwarya da yashi, abin da ya bayyana a ƙasa ƙwarya ce dai. Bakinta a buɗe yake, hannu yana kai wa ko'ina, rana tana shiga ko'ina, in ta tsage kuma ido yana gani, a ɗinke ta a mayar da ita ta awon hatsi. Salon wankin Bahaushe a kan wannan irin mazubi ya ginu, kuma ya dace da shi. Mazuban ƙarfe na zamani ba haka suke ba. Kusan dukkansu baƙin ƙarfe ne mai saurin tsatsa da aka lulluɓe da wata fata siririya: garwa da gwangwani an shafe su da kuza, bokitin ƙarfe an tsoma shi a tutiya, langa da kwanon sha an ƙona musu fenti mai kamar tangaran, duron mai kuma wani lokaci fenti kawai ne a cikinsa, wani lokaci babu komai. Amfanin mazubin duk yana jikin wannan fata, kaurinta kuwa a garwa bai kai na silin gashi ba. Soson waya da yashi cikin 'yan makonni suke cinye ta.

Abin da ke biyo baya ya danganta da irin fatar. In kuza ta karce a wuri ɗaya, kuma akwai danshi da iska, ƙarfen da ya bayyana yana cin tsatsa da sauri fiye da yadda zai ci da babu kuzar gaba ɗaya, domin haɗuwar ƙarafan biyu a cikin ruwa tana jawo lalacewar ta tattaru a kan ɗan wurin da ya buɗe. Shi ya sa tsohuwar garwa ba ta yin tsatsa bai-ɗaya. Mai leƙa cikinta zai ga jiki yana ƙyalli, amma ga ɗige-ɗige ja-ja a gindi, ga layin tsatsa yana bin ɗinkin gefe, inda in aka sa farce sai a ji rami ya zurma. Tutiya akasin haka take yi: ita ke narkewa don ta kare ƙarfen. Wannan alheri ne ga bokitin ɗiban ruwan rijiya, amma masifa ce ga bokitin zoɓo, domin tutiyar da ta narke cikin abin sha take tafiya, kuma an daɗe da sanin cewa abin sha mai tsami da ya jima a mazubi mai tutiya yana sa tashin zuciya da amai da ciwon ciki jim kaɗan bayan an sha.

Tsami shi ne jigon lamarin. A ma'aunin pH, inda 7 ke nufin ruwa tsaka-tsaki kuma kowane mataki ɗaya zuwa ƙasa ke nufin tsami ya ninka sau goma, nono da kunun zaƙin da ya kwana suna zama wajen 4 zuwa 4.5, zoɓo kuwa yana sauka kusan 3 ko ƙasa da haka tun kafin a ƙara masa tsamiya ko lemon tsami. Wato bokitin da zai shekara goma yana ɗaukar ruwa lafiya lau, zoɓo na iya fara cinsa a yini guda. Jan launin zoɓon ma yana haɗuwa da ƙarfe ya dushe ya koma baƙi-baƙi, abin da masu sana'a suka sani da ido ko da ba su san dalilinsa ba, kuma dalilin ke nan da masana'antun gwangwani ke shafa wani fenti na musamman a cikin gwangwanin jajayen 'ya'yan itace. Ko ƙarfen nan da ake kira marar tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a Sheffield ta Ingila a 1913, da fata yake rayuwa. Yana ɗauke da kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, wanda ke haɗuwa da iska ya yi wani lulluɓi da ido ba ya gani. Lulluɓin yana gyara kansa in ya karce, muddin iska na kai masa, amma soson waya yana barin ɓurɓushin baƙin ƙarfe a jikinsa ya yi tsatsa, ruwan bilic mai kulorin kuma yana huda shi ƙananan ramuka in an bar shi ya kwana a ciki.

Darasin duron giya

Babban abin da likitanci ya sani game da abin sha mai tsami a mazubin ƙarfe daga giyar gargajiya aka koye shi. A 1929 A. S. Strachan ya ba da rahoton binciken gawarwaki da ya yi a Johannesburg, inda ya tarar da ƙarfe ya taru fiye da kima a hanta da sauran gaɓoɓin baƙaƙen fata da dama. Binciken da ya biyo baya ya danganta abin da giyar dawa da masara da ake dafawa a kuma tsima a cikin duro da tukwanen baƙin ƙarfe: tsamin giyar yana narkar da ƙarfen, ya mayar da shi nau'in da hanji ke tsotsa cikin sauƙi, masu sha kuma suna shan lita-lita kullum tsawon shekaru. Sakamakon ya haɗa da ƙanƙancewar hanta. A 1992 Victor Gordeuk da abokan aikinsa suka wallafa nazarin da ya nuna cewa akwai alamar gado a ciki, wato ba kowane mai sha abin ke kamawa daidai ba, amma ba su kore rawar da duron ke takawa ba.

A ƙasar Kano giya haramun ce ga mafi yawan jama'a, dokar shari'a da aka ƙaddamar a 2000 ta hana ta, Hukumar Hisba kuma tana kamawa tana fasawa. Duk da haka dafa burkutu da tsiron dawa tsohuwar sana'a ce a tsakanin Maguzawa, waɗanda Joseph Greenberg ya yi nazarin addininsu a karkarar Kano ya wallafa a 1946, kuma a wasu wuraren da ake dafa ta a arewacin Nijeriya rabin duro ya daɗe da maye gurbin babbar tukunyar ƙasa saboda ba ya fashewa a kan wuta. Abin da ya sa misalin ya shafe mu shi ne, ƙarfe bai san bambancin halal da haram ba, tsami kawai ya sani. Ƙwayoyin da ke tsamama burkutu a matakin farko dangin waɗanda ke tsamama kunun zaƙi da koko ne, asid ɗin da suke fitarwa kuma iri ɗaya ne. Haka nan masu haɗa giya a gida a Turai da Amurka sun gano bambancin da ke tsakanin mazubai da kansu: 'yar ganga mai lita 5 da ake sayar da giya a ciki, ƙarfe ce mai shafen fenti da aka ƙera don a sha a yar, in an sake cika ta sau 'yan kaɗan sai tsatsa ta ɓullo a bakinta da ɗinkinta, ganga mai lita 19 ta ƙarfe marar tsatsa da kamfanonin lemo suka daina amfani da ita kuwa tana shekaru tana aiki, domin tana da murfin da hannu ke shiga.

A nan mai suka zai ce, ai ƙarfe magani ne. Ƙarancin jini ya yi katutu a tsakanin mata da yaran karkara, kuma akwai gwajin da Adish da abokansa suka yi a arewacin Habasha, aka wallafa a mujallar Lancet a 1999, wanda ya nuna yaran da aka riƙa dafa musu abinci a tukunyar baƙin ƙarfe jininsu ya fi ƙaruwa a kan waɗanda aka dafa wa a ta alminiyam. Sukan yana da ƙarfi, kuma ya kamata a amince da rabinsa: ɗan jan tsatsa da ya shiga kofin kunu ba guba ba ne, yarinyar da ke shan kofi ɗaya a rana kuma ba ta kama hanyar mashayin Johannesburg ba. Sai dai tukunyar gwajin Habasha an san da me aka ƙera ta. Duron da aka sayo a hannun 'yan gwangwan ba a san me ya ɗauka a baya ba, ba a san irin fentin cikinsa ba, garwar da ta yoyo aka kai wa mai liƙi kuma sau da yawa da dalma ake toshe ta. Tukunyar alminiyam da maƙera ke zubawa daga tarkacen injin mota da makamantansu ita ma tana da nata: Jeffrey Weidenhamer da abokan aikinsa sun gwada irin waɗannan tukwane daga Kamaru a 2014, sannan daga ƙasashe goma a 2017, ta hanyar tafasa ruwa mai tsami a ciki, suka tarar da dama daga cikinsu suna sakin dalma, wasu da yawa ƙwarai. Arewacin Nijeriya ba ya buƙatar a yi masa bayanin dalma bayan abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Dalma ba ta da ɗanɗano a kunu, ba ta sauya launi, kuma ba a san wani adadi nata da za a ce ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro ba. Don haka tsatsa tana da muhimmanci ne a matsayin shaida: inda ta fito, fata ta tafi, duk abin da ke ƙarƙashi ko a ɗinki yana haɗuwa da tsami kai tsaye.

Roba, wadda ba ta tsatsa

Da yawa sun ɗauka shigowar roba ta kashe maganar, tunda jarka ba ta tsatsa. A ganin wannan maƙala, roba ta ɓoye matsalar ne. Garwa in ta lalace tana nunawa, jarka kuwa tana iya yin ƙyalli a waje alhali cikinta ya gama lalacewa. A ɗauki jarkar kunu da ta yi wata shida tana zuwa kasuwa, a yanke ta biyu. Gindinta, inda ake zuba tsakuwa da ruwan omo a girgiza, zai fito fes amma ya yi kaushi, duk zane-zanen karce. Kafaɗarta ta ciki, da ramin mariƙinta wanda kunu ke shiga in an karkata, da zaren murfinta, nan za a ga wani yauƙi fari-fari ko ruwan toka da ya manne, mai warin tsami ko da jarkar ta bushe. Wannan yauƙi gari ne na ƙwayoyin halitta. J. W. Costerton da abokansa sun bayyana a 1978 yadda ƙwayoyin bakteriya ke manne wa jikin abu su lulluɓe kansu da wani danƙo da suke fitarwa, bincike na baya kuma ya tabbatar da cewa waɗanda ke cikin irin wannan danƙo sun fi waɗanda ke yawo a ruwa jure sabulu da maganin kashe ƙwayoyi nesa ba kusa ba. Kowane karce da tsakuwa ta yi, sabon masauki ne gare su. Gorar ruwa ta fi jarka muni ta wannan fuska: bakinta yatsa kawai ke shiga, jikinta na da kwarmi-kwarmi, robarta kuma tana fara lanƙwashewa tun ruwa bai wuce digiri 70 ba, don haka ba a iya ƙona ta da tafasasshen ruwa. Ga shi kuma ba a san bakin wa ta fito ba.

Wani masanin sinadaran wanki Bajamushe, Herbert Sinner, ya tsara a 1959 cewa wanki kowane iri yana tsaye ne a kan abubuwa huɗu: zafi, sinadari, dirza da lokaci, in ɗaya ya ragu sai sauran su ɗauki nauyinsa. Wannan ma'auni yana bayyana halin da mai kunu a ƙauyen Minjibir ko Makoɗa ke ciki fiye da duk wata lacca kan tsafta. Zafi kuɗi ne, domin a yankin da babu daji itace saye ake yi, karan da aka tara kuma na tuwo ne. Sabulu kuɗi ne. Ruwan ɗauraya ma sai an bi layin famfon burtsatse ko an saya a hannun mai kura. Lokaci kuwa babu shi, tunda jarkar da ta dawo daga talla da magariba ita za a cika da asuba. Abin da ya rage kyauta shi ne ƙarfin hannu, sai duk nauyin wankin ya koma kansa, ga shi kuma shi ne ainihin abin da ke cinye fatar ƙarfe ya kuma karce roba. Mace mafi ƙwazo ita ce ta fi saurin lalata mazubinta.

Sukan da ya cancanci amsa

Suka mafi nauyi shi ne cewa tsami da kansa kariya ne. Gaskiya ne ƙasa da pH 4.6 ƙwayar da ke haddasa gubar abincin gwangwani ba ta girma, ƙwayar kwalara ma ba ta jure tsami, don haka ba daidai ba ne a ɗora wa kunu alhakin annobar kwalara ta 2021, wadda ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, Kano na cikin jihohin da ta fi shafa, alhali gurɓataccen ruwan sha ne babbar hanyarta. Gaskiya ne kuma ƙwaryar nono tana riƙe da nata ƙwayoyin masu amfani, waɗanda ke kama sabuwar madara su tsamama ta kafin miyagu su samu wuri, wanke ta da bilic ma ɓata sana'a ne. Amma kariyar tsami tana da iyaka ta fuska uku. Kunu ba ya fara rayuwarsa da tsami: bayan an sheƙa tafasasshen ruwa a rabin gasarar, an haɗa da ɗanyen rabin, akwai awanni da yake ɗumi, mai zaƙi, marar tsami sosai, kuma a lokacin ne duk abin da ke manne a jikin mazubi ke samun damarsa. Sannan bayan an tace ana ƙara ruwa da sukari da ƙanƙara, tsamin ya ragu. Na uku, akwai ƙwayoyin da tsami bai dame su ba. A 1996 a Amurka ruwan tuffa da ba a dafa ba, mai tsami kusan na kunu, ya yaɗa wani mugun nau'in E. coli har yarinya ta rasu. Yis da fumfuna kuwa a tsami suka fi jin daɗi. Su ne ke sa gorar kunu ta kumbura da rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, murfi ya yi tsit in an buɗe, ɗanɗano ya fara kaifi.

Wannan batu na ƙarshe malaman fiƙihu sun riga masana ƙwayoyin halitta isa gare shi. A hadisin tawagar Abdul Ƙais, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, an hana jiƙa dabino ko zabibi a wasu mazubai huɗu, daga ciki akwai gorar duma, da kututturen dabino da aka fafe, da mazubin da aka shafe da kwalta. Malamai sun bayyana dalilin da cewa abin sha yana saurin juyewa ya zama mai sa maye a cikinsu ba tare da mai shi ya ankara ba. Akwai ruwayar da ta nuna an sassauta hanin daga baya, amma Malikiyya sun riƙe karhanci a kan duma da mai kwalta, kuma Risalar Ibn Abi Zaid da ɗalibai ke karantawa a zaurukan Kano ta ambaci hanin. Abin lura ga mai nazari shi ne inda hukuncin ya sa ido: a kan mazubi, da abin da jikinsa ke riƙewa daga jiƙon jiya ya miƙa wa na yau. Jarkar da yis ya yi gida a mariƙinta tana yin aikin da ake gudu daga gorar duma, ta kuma fi ta ƙunci a baki.

Wani sukan yana cewa haɗarin gaske yana cikin abin da ake zubawa. Ana kafa hujja da abin da ya faru a Kano a watan Maris na 2021, lokacin da mutane da dama suka kwanta asibiti, wasu suka rasu, bayan shan abin sha da aka haɗa da garin da aka sayar a matsayin ɗan tsami, wanda hukumar NAFDAC ta ce gwajinta ya nuna wani sinadarin masana'anta ne. Babu musu wannan ya fi tsatsa kisa nan take. Sai dai irin wannan annoba tana da suna da rana, hukuma tana iya bin sawunta har shagon da ta fito. Cutarwar mazubi ba ta zuwa haka. Gudawar kwana biyu ce da ake ɗora wa zafi ko haƙori, ko dalmar da ke taruwa shekara da shekaru ba wanda ya ji, shi ya sa ba ta shiga lissafi.

Sai maganar talauci, wadda ita ce ke rushe yawancin shawarwarin da ake bayarwa. Ribar gorar kunu ba ta ɗaukar kuɗin sabuwar gora, hana sake amfani da mazubi kuma daidai yake da rufe sana'ar matan da ba su da wata hanyar samun kuɗin kansu daga cikin gida. Doka irin wannan ba za ta ma yi aiki ba a ƙauyen da duba-gari ke zuwa sau ɗaya a shekara. Amma in hujjar da aka kawo a sama ta tsaya, gyaran bai dogara da sabon saye ba, ya dogara ne da raba wa mazuban da ke gidan aiki gwargwadon jikinsu. Bokiti mai tutiya da garwa da duk abin da aka liƙe da dalma su tsaya a ruwa da busasshen hatsi, kada tsami ya kwana a cikinsu. Langar da fentinta ya ɓantale ta bar zoɓo. Tukunyar maƙera ta tafasa ruwa a juye, tsimin ya kasance a bokitin roba mai faɗin baki ko a tukunyar ƙasa, tsamiya da zoɓo kuma kada su daɗe a cikin ta maƙeran. Tsakanin jarka da bokiti mai murfi, bokitin ya fi, saboda dalilin da ya sa ƙwarya ta fi: hannu da rana suna kai wa ko'ina.

A wankin kansa, ma'aunin Sinner ya nuna inda sauƙi yake. In zafi da sabulu sun yi tsada, dirza kuma tana ɓarna, saura lokaci, kuma ana sayen lokaci da jarka ta biyu: ɗaya na talla, ɗaya na jiƙe. Ruwan toka da aka tace, wanda kowane gida ke da shi, yana narkar da maiƙo da ragowar gasara in an bar shi ya kwana a roba, ba tare da tsakuwa ba, sai a bi da soson gargajiya ko tsumma a kan sanda. Amma toka da kanwa suna cin alminiyam da tutiya, don haka wannan jiƙo na roba ne da ƙarfe marar tsatsa. Bilic kaɗan a ruwa mai yawa yana da amfani a roba bayan an wanke ta, ba kafin ba, domin datti yana kashe ƙarfinsa, kuma ba a haɗa shi da ɗan tsami ko wani abu mai tsami, saboda haɗin yana tayar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi. Bayan ɗauraya a kife mazubi baki ƙasa a kan turke, murfi a gefe, har cikinsa ya bushe ƙarau. Jarkar da aka rufe da danshi a ciki ta koma inda ta fito.

Akwai mazubi guda da babu wankin da ke halatta shi, kuma yana ƙaruwa a yankin tun da feshin ciyawa ya fara maye gurbin noman hannu, noman rani kuma ya bunƙasa a bakin madatsun Watari da Tomas. Galan da gorar maganin feshi robarsu mai kauri ce, murfinsu yana kamawa da kyau, girmansu na lita 1 zuwa 5 ya yi daidai da abin da manomi ke so ya riƙe ruwa ko kunu zuwa gona. Roba irin wannan tana tsotse wani ɓangare na maganin ta riƙa sakinsa a hankali, musamman cikin abu mai maiƙo kamar nono da kunun gyaɗa, rashin wari kuma ba ya nuna ta rabu da shi. Ƙa'idar da Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya suka shimfiɗa ita ce a ɗauraye galan sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin tankin feshi, sannan a huda shi yadda ba zai sake riƙe ruwa ba. Hudawar ce ke da wuya, domin a idon mai gida lafiyayyen galan ne ake cewa ya ɓata da hannunsa. Wanda ke da damar sa a yi hakan shi ne dilan maganin a kasuwar Ɗambatta ko Bichi, in ya riƙa karɓar hudajjen galan yana rage wani abu a kuɗin sabo, da malamin gona da ke nuna yadda ake haɗa maganin, in ya sa wuƙa ya tsaga gindin galan a gaban manoma kafin ya bar gonar.